Ruwan da Ban Zubar Ba

Sau biyu na gaishe su, ba wanda ya amsa. Dattawa huɗu ne a kan dakalin masallaci, inda suke zama kullum har hantsi ya yi. Na durƙusa na ce, "Ina kwananku, Baba?" Ɗaya ya ci gaba da jan carbi, ɗaya ya juya fuska wajen katanga. Na zaci ba su ji ba ne, na sake ɗaga murya. Shiru. Mutanen da kullum sai sun tsare ni da "'Yar Malam, yaya mai jiki? Kurkunun ya fito kuwa?" har gwiwata ta gaji da durƙuso. Ranar Laraba ce, kwana goma sha shida rabonmu da ruwan sama.

Yau kwana ashirin ke nan da wucewar abin. Ku nake rubuta wa, 'yan ajinmu da muka gama makarantar 'yan mata tare a Birni bara, musamman ke Hajara, da kika taɓa cewa a ɗakin kwana, "Wai baban Rakiya aikinsa tarar ruwa a kwalba, kuma En'e ta kira shi ma'aikaci!" Kowa ya yi dariya, ni ma na yi. Lokacin ban san aikin ba.

Babana, Malam Iro, malamin gona ne. Mutumin Karaye ne, an turo shi wannan ƙauye da ke tsakanin Rogo da Ruwan Bago tun kafin a haife ni. Ma'aunin ruwan da yake kula da shi yana tsakiyar filin gaban masallaci, nesa da kowace bishiya da kowace katanga. Gwangwani ne na tagulla, an binne gindinsa, bakinsa ya tashi daga ƙasa ƙafa ɗaya. A samansa mazurari, a cikinsa kwalba, a kewaye shingen ƙaya saboda awaki. Ƙarfe tara daidai ake buɗe shi, da agogon aljihu a hannu, ba tara saura ba, ba tara da wani abu ba. A juye ruwan cikin gilashin awo, wanda aka raba inci ɗaya a jikinsa gida ɗari. Ba a riƙe gilashin a hannu a karanta. Sai an ajiye shi a kan shimfiɗaɗɗen dutse, mutum ya sunkuya har idonsa ya zo daidai da ruwan, kuma ƙasan lanƙwasar ake karantawa, domin ruwa yakan ɗan hau gefen gilashi. Abin da aka auna yau a gurbin jiya ake rubuta shi, tunda jiya ya sauka. Ranar da ba a yi ruwa ba ma sai an je an buɗe, an ga babu, sannan a ja layi. Baba ya ce gurbin da aka bari fari ƙarya ne, don ba a san ko ruwa ne bai zo ba ko malamin ne bai zo ba. Ƙarshen wata a kwafe a takarda, masinja ya kai Karaye, a haɗa da na Rogo, a aika wa Baturen gona a Kano.

Wannan shi ne rabin aikin da aka rubuta a takardar umarni. Ɗaya rabin a zaurenmu ake yin sa. Da an yi ruwan fari za ku ga takalma sun taru a ƙofa. "Malam Iro, mu shuka?" Ba ya amsawa daga zaune. Sai ya ce, "Je ka tona gonarka da hannu. In laima ta wuce wuyan hannunka, ka dawo mu yi magana." Gero in ya ƙone ana sake shukawa, amma irin gyaɗa in ya tsiro ya mutu, babu wani a rumbu. Magina suna zuwa su ji ko su yi yaɓe. Fatake suna zuwa su ji ko rafi zai ketaru da jakuna, shi kuma ba ya barin su tashi sai ya tambaye su inda ruwa ya dake su a hanya, da wace rana, ya kuma leƙa kofaton jakunan ya ga irin taɓon da ya maƙale. Ban taɓa jin ya ce "za a yi ruwa" ba. Abin da yake cewa shi ne, "Alama ta nuna, Allah ne masani."

Malamai biyu suka koya masa, kuma ba sa ga maciji da juna. Na farko wani akawu ne a Karaye, wanda ya sa shi wata guda yana auna ruwan rijiya daga buta, yana ɓoye masa adadin, har sai da karatunsu ya zo ɗaya kwana bakwai a jere. Na biyu wani tsohon malami ne a Yola tamu ta nan, mai lissafin taurari. Shi ya koya masa cewa kowane tauraro kwana goma sha uku yake yi, da wanda ake shuka a cikinsa da wanda ake haƙuri. Shi ya nuna masa shamuwa da lokacin da take ɗaukar tsinke, da gawo da ke zubar da ganye sa'ad da sauran itatuwa ke tofo, da gishirin madafa da yake yin danshi tun kafin a ga gajimare. Akawun yana kiran lissafin taurari tatsuniya, tsohon yana kiran ma'aunin butar Bature. Baba bai zaɓi ɗaya ba. Ya sayi littafinsa na kansa, kowane shafi inci da boko a tsakiya, tauraro da alamu da ajami a gefe.

Akwai shafin da aka naɗe kusurwarsa a littafin nan. Shekarar ina ƙarama, an yi wani ruwa mai ƙarfi cikin tauraron Surayya, wato damina ba ta shigo sosai ba, har gilashin ya cika sau biyu. Baba ya duba adadin ya ce a shuka. Aka shuka. Sama ta rufe kusan wata guda, gyaɗa ta ƙone daga nan har Ruwan Bago. Tsohon Yola ya aiko masa da magana ɗaya: ya auna ruwan, amma bai duba ko iska ta juya ba. Tun daga ranar ya kafa dogon gora a tsakar gidanmu da tsumma a kansa. Sai tsumman ya yi kwanaki yana nuna iska daga kudu maso yamma take busowa kafin ya bar kowa ya taɓa irin gyaɗa. Kowace shekara, kafin ya amsa wa manomin farko, sai ya buɗe wannan shafin ya duba.

Bana kurkunu ya kama shi a ƙafa biyu, daidai shigowar damina. Yana kwance a zaure, Gwaggo Dije, ƙanwarsa da ta raine ni, tana naɗe masa tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan kullum. Yayana yana aikin jirgin ƙasa can nesa. Ni ce mai karatu a gidan, sai ya miƙo mini agogo da gilashi. Ya maimaita mini komai sau uku, ya ƙare da cewa, "In kin gama, ki zubar da ruwan a gindin shingen."

Na sha ganin yadda yake zubarwa. Yakan miƙe tsaye, ya fuskanci masallaci, ya ɗaga gilashin sama, ya tsiyayar a hankali. Na ɗauka salon tsofaffi ne kawai. Mu kuwa a makaranta an koya mana cewa wanda ya auna abu ya ajiye shaida. Ina tsoron in karanta ba daidai ba a aika Kano da kuskurena. Sai na samo kwalaben lemo, duk ranar da aka yi ruwa in auna, in ɗura, in toshe, in liƙa takarda da rana da adadi, in rufa mayafi a kai in kawo ɗakina. Nufina in Baba ya warke ya sake aunawa ya ga ban yi kuskure ba. Ban gaya masa ba, ina so in burge shi. Ruwa biyar aka yi, kwalabe biyar na jera. Baba ya ce a shuka gero, gyaɗa a ɗan dakata, tsumman bai tsaya wuri ɗaya ba tukuna. Wasu suka ji, da yawa ba su ji ba. Daga nan sama ta ɗauke.

To, ranar Larabar nan, na buɗe ma'aunin, na ga babu, na ja layi, na dawo gida da sauri. Ban daɗe ba sai ga Gwaggo daga rijiya, tulunta wayam.

"Ke Rakiya! Me kika ajiye a ɗakinki? Matar da ta zo aron rariya shekaranjiya ta ga kwalabe da rubutu a jiki. Gari ya ɗauka, wai kin ɗaure ruwa!"

Na kwaso su na ajiye a gaban Baba. Ya duba su ɗaya bayan ɗaya. Sannan ya gaya mini abin da ba ya cikin takardar umarni. Lokacin da aka kafa ma'aunin, mutanen gari sun ƙi. Sun ce Bature ya kawo abin kama ruwa, zai riƙa kwashe rabonsu yana kaiwa wani wuri. Sau biyu ana tuge shi. Baba ne ya zauna da dattawa ya yi musu alkawari: duk ɗigon da ya shiga kwalbar zai mayar wa ƙasa a gaban idonsu, kafin ya bar wurin. Zaman dakalin nan da hantsi, ashe ba hira kawai ba ce. Shekara ashirin suna shaida, shi kuma bai saɓa ko sau ɗaya ba.

Na jira faɗa, bai yi ba. Cewa ya yi, "Da kika taɓa mazurarin ɗazu, a bushe yake ko da raɓa?"

Na ce da raɓa.

"Jiya fa?"

"Jiya ma. Shekaranjiya ne babu."

"Dije, kawo mini gishiri." Ya murza shi tsakanin yatsu, ya leƙa tsumman gora ta ƙofar zaure, ya buɗe littafinsa yana komawa baya shekara-shekara. Yana cikin haka muka ji hayaniya a waje, da muryar ɗan aiken Dagaci yana sallama.

A kan jaki aka kai Baba, ƙafafunsa a naɗe. Ni ina biye, Gwaggo ta riƙe hannuna, kwalaben a kwando. Ban taɓa sanin garinmu yana da mutane haka ba. Wani ya tofar da yawu a gefen ƙafata. Zauren Dagaci ya cika, na waje sun toshe haske. Wanda ya fara magana Tanko ne, manomin da ya zuba irin gyaɗarsa duka a ƙasa.

"Ranka ya daɗe, maganar ba ta da tsawo. Tun da yarinyar nan ta fara toshe ruwa a kwalba sama ta toshe. A buɗe su a zubar a gabanmu, a tuge gwangwanin, ita kuma a mayar da ita inda ta koyo."

Daga waje wani ya ce, "Ga layun boko nan a liƙe!"

Liman ya ɗauki kwalba ɗaya ya juya ta. "Yarinya, me aka rubuta a nan?"

Na ce, "Litinin, rabin inci da gida huɗu."

"To, jama'a, in kwalbar lemo tana riƙe hadari, ai da mai kantin Rogo ya gama da mu tuntuni."

Mutum biyu ko uku suka yi dariya. Sauran ba su yi ba. Na matsa kusa da Baba na ce a hankali, "Baba, a zubar mana kowa ya huta." Ya ce, "Yi shiru."

Sannan ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, an saɓa alkawarin da na yi muku, kuma laifin nawa ne. Na ba yarinya aiki ban ba ta dalilinsa ba. Ku yafe. Amma kwalaben nan, ina roƙo kada a buɗe su."

Zauren ya kaure. Sai da Dagaci ya buga sandarsa a ƙasa.

Baba ya ci gaba. "In an buɗe yau, Allah ya saukar da ruwa jibi, me za ku ce? Za ku ce ga shi nan, da ma ita ta ɗaure. Daga nan duk shekarar da sama ta yi jinkiri ƙofarta za a nufa, ko tana gidan miji, ko ta tsufa, har 'ya'yanta su gaji sunan. A bar su a toshe, a nan, inda kowa zai gani. Ku ba ni zuwa kiran magaribar Juma'a."

Dagaci ya dube shi. "Malam Iro, kai da ba ka taɓa yanka wa ruwa rana ba?"

"Yau ma ban yanka ba, ranka ya daɗe. Raɓa ta dawo kwana biyu. Gishiri ya yi danshi. Fataken da suka zo makon jiya ruwa ya dake su tafiyar kwana huɗu a kudu, na jiya kuwa tafiyar kwana biyu. Alama ta nuna, Allah ne masani."

Tanko ya ce, "In ba a yi ba fa?"

"Ka tuge gwangwanin da hannunka, ni kuma in kwashe iyalina."

"Gyaɗata kuma ta tashi don ka tafi? Ita yarinyar fa?"

Dagaci ne ya ce, "Yarinya tana cikin gidana. Mai son ta sai ya bi ta kaina."

Kafin a shigar da ni na sunkuya na ce, "Baba, ka tabbata?"

"Ba a tabbata a wannan aikin, Rakiya. Irin wannan alamar ta cika sau da yawa a littafin nan. Ta kuma saɓa sau biyu."

Uwargidan Dagaci ta ba ni tabarma a ɗakinta. Ita ke kawo mini labari. Ta ce da hantsin Alhamis an ga babana a kan jaki ya nufi ma'aunin, aka sauke shi, ya ja gindi har bakin shingen, ya duba agogo, ya buɗe, ya ja layinsa. Ta ce, "Mutumin nan, ana maganar korar sa shi yana maganar ƙarfe tara!"

Bayan azahar hadari ya taso daga gabas, baƙi ƙirin. Matan gidan suka fara kwashe shanya da fito da tukwane. Iska ta zo ta kwashe jinkar rumbu biyu, ta cika mana ido da ƙasa, ta wuce. Ko ɗigo. Ba a jima ba na ji hoge ya faɗo tsakar gida, wani ya biyo, da muryoyi a bayan katanga suna cewa ga shi nan, hadari ya zo ta mayar da shi. Uwargida ta tura ni ƙuryar ɗaki ta zauna a bakin ƙofa da taɓarya a cinya. Gwaggo ta zo da saƙon Baba, na zaci lallashi ne. Wai in ji shi, tsumman yana nuna iskar kudu maso yamma, bai juya ba ko bayan iskar hadarin, kuma tururuwa suna kwashe ƙwai daga gindin katanga. Shi ke nan saƙon.

Juma'a ta waye da zafi mai danƙo, ko ganye ba ya motsi. Aka yi salla, Liman ya ja jama'a roƙon ruwa a fili. Ina jin amin ɗinsu daga ƙurya. Aka kira la'asar, sama fes. Na daina leƙe. Ina kallon inuwar katanga tana tsawo, ina ƙirga abin da ya rage kafin magariba.

Ƙamshin na fara ji, ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa daga nesa. Sai haske ya dushe. Sai ɗigo ɗaya a kan kwanon da aka kife a tsakar gida, kamar an jefa tsakuwa. Uwargida ta ajiye taɓarya ta ce, "Allahu akbar!" Kafin ta rufe baki sama ta ɓalle. Ba yayyafi ba, ruwa irin wanda indararo ba ya iya ɗauka.

Ana tsaka da shi aka ce Dagaci yana kira na. Na tarar da zauren cike da jiƙaƙƙun mutane. Baba yana jingine da bango, littafinsa a cikin riga. Kwandon yana inda aka ajiye shi, kwalabe biyar, kowace da toshiyarta. Dagaci ya sa aka ɗaga su ɗaya bayan ɗaya kowa ya gani.

Ya ce, "Waɗannan za su zauna a nan a toshe har kaka. Rakiya, tashi ki tafi gidanku. Ba wanda zai ƙara tare ki a garin nan, da baki ko da hannu."

Kafin in tashi na ji Tanko daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ruwa yana zuba daga hularsa. "Malam, gyaɗar da ba ta ƙone duka ba, za ta tashi?"

Baba ya ce, "Je ka tona da safe, ka zo mu yi magana." Sannan ya zaro gilashin awo daga aljihu ya miƙo mini. "Ruwan nan zai cika kwalbar kafin magariba. Je ki rage, kada ya malale mu rasa adadi. In kin auna kuma..."

"Na sani, Baba."

Na fita cikin ruwan, zanina yana manne mini a ƙafa. Dattawan nan huɗu sun fake a ƙofar masallaci. Na buɗe, na juye, na ajiye a kan dutse, na sunkuya na karanta. Sannan na miƙe, na fuskance su, na ɗaga gilashin sama yadda hannuna zai kai, na tsiyayar a hankali har ɗigon ƙarshe.

Wanda ya juya mini fuska ranar Laraba shi ne ya kare bakinsa da hannu ya ɗaga murya don ta wuce ƙarar ruwan.

"'Yar Malam! Sannu da aiki. Nawa aka samu?"